Bargo da Ɓargo

Zuwa ga 'yata abin ƙaunata,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina biyu. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya huce muku gajiyar jinya. Ni ƙalau nake, sai ciwon gwiwa, sai kuma shirun gidan nan da ya yi mini yawa tun rasuwar mahaifiyarki. Har yau kofi biyu nake ɗaurayewa da safe kafin in tuna.

Saƙonki ya iso cewa an yi wa jikata Auta dashe, kuma jikinta ya karɓa. Sau uku na karanta, na fito ƙofar gida ina neman wanda zan yi wa albishir, ban samu kowa ba sai mai gyaran keke. Shi na rungume, da baƙin mai da komai.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri. Lokacin da kika rubuto cewa likita ya ce bargon Auta ya lalace, sai an sake mata wani, na ɗauka sanyin garinku ne yake cin yarinyar. Shi ya sa na naɗe bargon mahaifiyarki, mai ratsin ja, na aika muku, kuka yi godiya ba ku ce komai ba. Malaminmu na ajin manya ya sha ja mana kunne kada mu raina lanƙwasar harafi. To, wayarki ce ta cinye ta, ni abin da na gani na karanta.

Da na je awon jini na yi wa ma'aikaciyar jinya alfaharin abin da na aika. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce ɓargo ake nufi, na cikin ƙashi. Ta ce a nan jiki yake ƙera ƙwayoyin jini ba dare ba rana. Jajayen sukan yi kamar wata huɗu suna aiki, in sun tsufa saifa ta tsame su, a kwashe ƙarfen cikinsu a mayar wa ɓargo ya yi sababbi da shi. Ashe na Auta ne ya gaza, yayarta ta sam mata nata. Na daɗe a kan bencin asibitin ban tashi ba, ina ta kallon jijiyoyin hannuna.

Ki gaishe mini da maigidanki. Ki gaya wa babbar jikata Allah Ya yi mata albarka, ta gama mini komai. Auta kuma ki ce mata tsohon mijinta yana nan, bai yi wata ba.

Kin ce likita ya hana ta tafiya tukuna, kuma ba ta yarda a raba ta da bargon nan. Gadon ya yi mini fili da ba ya nan, amma kada ku aiko da shi. Ranar da zai dawo, ya dawo da ita a ciki.

Ni ne mahaifinki, mai jiranku.