Hannun Daman Baba

Tsibirin Tutuila, farkon Oktoba

Zuwa ga Yayata Fuatino,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin Seattle? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Jikin Baba da sauƙi.

Yaya, sakamakon jarrabawar shiga digiri na biyu ya fito, kuma ban taɓuka abin kirki ba. Wancan karon na fake da rasuwar Kawu Tavita, na ce hidimar 'yan makoki ce ta hana ni karatu. To wannan karon babu wanda ya mutu. Na yi karatun, na ƙoshi da barci, lissafi ne kawai ya yi min warwas. Da irin wannan makin, yawancin makarantun ko buɗe takardata ba za su yi ba.

Ban faɗa wa kowa a gida ba. Wanda ya tambaya sai in ce bai fito ba tukuna. Ga Goggo Sieni ta gama shela a ƙungiyar matan coci wai Palepa za ta tafi ta zama likita. Na gaji da gaya mata ba likita ba ne, aikin koya wa majinyaci ne ya koma yi wa kansa hidima, ya ci da hannunsa, ya sa kayansa. Ta ce, "Ke tafi can, duk ba farar riga ba ce?"

Malama Imelda, wadda nake yi wa mataimakiya a asibiti, ta ce kada gwiwata ta yi sanyi. Akwai makarantu biyu da ba maki kaɗai suke dubawa ba, suna so mutum ya rubuta dalilin da ya sa yake son aikin. Ta ce in rubuta labarin Baba, shi ne kawai zai iya rufe min wannan ramin. Amma Yaya, kin san me ke cikin labarin. Mutumin da yake kakakin danginmu, wanda in ya dogara sandarsa ya fara jawabi ko kaji sai sun yi shiru, shi zan rubuta wa baƙi cewa tun da ɓarin jikinsa ya shanye zanen da mazanmu ke ɗaurawa ya riƙa suɓuce masa yana kuka? Ni na faɗi jarrabawa, sai kuma in toshe da mutuncin ubana? Ki ba ni shawara, a ƙarshen Nuwamba za su rufe karɓa.

Ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Palepa

Tutuila, tsakiyar Nuwamba

Yaya Fuatino,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan murar ƙaramin ta sake shi. Na ga amsarki. Kin ce in je in tambayi Baba kai tsaye. Daga nesa abin da sauƙi. Na kasa, kuma kafin in samu zuciyar yi, asirina ya tonu.

Ranar Lahadi Fasto ya zo cin abincin bayan coci a gidanmu. Kin san rigimar da muke yi da Goggo kullum: ita a wurinta babba ba ya wahala 'ya'yansa na kallo, a ba shi a baki shi ne ladabi. Ni kuma na san in aka ci gaba da ba shi, hannun daman nan ya tafi ke nan. Shi ya sa nake naɗa wa cokalinsa tsumma ya yi kauri, in sa masa a hannu, in zauna in ɗora nawa hannuwan a cinya. Ran nan ma haka na yi. Da na yi hankali da na bari sai baƙi sun tafi, amma, gaskiya, so nake a ga aikina. Baba ya ɗebo ganyen gwaza da madarar kwakwa, hannun ya karkata, abincin ya zube a farar rigarsa ta coci, a gaban Fasto da dattawa.

Goggo ta fizge cokalin ta ce, "Kun ga likitar tamu? Ubanta na wanka da miya ta zuba masa ido kamar gunki. Wannan zuciya taki, Palepa, ko dutsen murhu."

Fasto, bawan Allah, ya so ya sauya zancen, sai ya ce, "'Yata, yaya labarin jarrabawar? Har yanzu shiru?" Yaya, na iya yi wa Goggo ƙarya, amma ban iya yi wa Fasto ba, kan tabarmar ubana. Na sunkuyar da kai na ce ya fito tuni, kuma ban ci ba, karo na biyu ke nan. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Rumfarmu kuwa ba bango, kafin a kaɗa ƙararrawar addu'ar yamma duk gari ya ji.

Abin da ya fi ci min rai shi ne Baba. Tun ranar ya daina karɓar cokali daga hannuna. Goggo ke ba shi a baki, ita ke ɗaura masa zane, hannun kuma yana kwance a cinyarsa, yatsun sun fara naɗewa. Na kunyata shi a gaban mutane, na kunyata Goggo a gaban ƙawayenta, aikin da muka sha wahalarsa kuma yana rushewa ina gani. Na haƙura da makarantar. Kada ki yi min faɗa, wanda nake yi wa kaina ya isa.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Palepa

Tutuila, ƙarshen Nuwamba

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ki zauna kafin ki karanta.

Shekaranjiya da safe, da Goggo ta tafi kasuwa, na je na zauna ƙasa a gefen tabarmar Baba na ba shi haƙuri. Ya juyo daga kallon teku ya ce, "Uwata, rigar ba ta dame ni ba. Ƙaryar ce. Ni kin ga tsiraicina, ke kuma kin ɓoye min naki."

Na yi kuka har na gode Allah. Ya bari na gama, sannan ya tambaye ni ko shi ke nan ƙofa ta rufe. Maganar ba ta fita da kyau har yanzu, sai na matsa kusa. Na gaya masa zancen makarantun biyu da rubutun da suke so, da dalilin da ya sa ba zan yi ba.

Ya ce, "Da zanen nan yake faɗuwa, kin taɓa ɗaga min?" Na ce a'a. "Da na jefe ki da cokali, kin ƙyale ni?" Na ce a'a. Ya ce, "To ke faɗuwa biyu kika yi, har kin kwanta kina jira a ba ki a baki? Ɗauko abin rubutunki, marar kunya."

Na rubuta a gabansa, ina fassara masa layi layi. Inda na sassauta sai ya ɗaga min yatsa. Shi ya sa na saka ranar da zanen ya zame a gaban surukansa. Shi ya sa na saka zagin da ya yi min, da miyar ranar Lahadi. Na ce, "Baba, baƙi ne fa za su karanta." Ya ce, "Baƙin sun san ni ne? Waɗanda suka san ni ai sun riga sun gani."

Kada ki ɗauka kunyar ta tafi. Makin nan yana nan yadda yake, kuma a saman takardar zai fito, kafin su kai ga labarin. Mai yiwuwa su ƙi ni duka biyun. Kuma ko sun karɓe ni, na san da abin da na shiga: da raunin ubana, ba da ƙoƙarin kaina ba. Wannan zan daɗe ina ɗauke da shi.

Jiya na gama komai, saura a danna a tura. Baba ya ce in kawo masa kwamfutar. Na ajiye ta ɓangaren hagunsa, ya girgiza kai, ya nuna dama. Goggo na tsaye da kwanon abincinsa. Hannun ya tashi yana rawa, ya sauka a gefe. Ya sake tashi, ya sake kuskurewa, gumi na zuba a goshinsa. Goggo ta ce, "Haba Palepa, ki kama masa mana." Yaya, ban taɓa son taimakon mutum kamar lokacin ba. Na danne hannuwana a cinya har farce ya shige ni, ban motsa ba.

Da yatsan ya sauka inda ya kamata, bai ko kalle ni ba. Ya juya wajen Goggo ya ce, "Sieni, ajiye kwanon. Ba ni cokalina."

Ki gaida maigidan da yara. Baba ya ce in gaya miki shi ya tura.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Palepa