Shebur Ɗin Gidanku a Hannun Wani

Zuwa ga Mahjabin, hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farko da ke gangarowa daga ƙanƙara bayan dogon hunturu, wadda in sunanta ya faɗo mini a tsakiyar ciniki sai in manta abin da nake aunawa. Gaisuwa mai yawa daga wanda yake kwance, zuciyarsa kuwa tana tsaye a ƙofar gidanku.

Kafin komai, bar ni in yabi farkon bazarar nan tamu, don ta cancanci yabo. Kai, madalla da ita! Wa ya kai ta kirki? Da safe ta ba ka sama wankakkiya tas, da hantsi ta ɗora maka rana a kafaɗa har ka yar da bargo ka ce hunturu ya yi sallama. Indararo na ɗiga, kaji na baza fukafukai, tsofaffi na jingine da bango suna ƙaryar ƙuruciya. Na daɗe a kasuwar Gilgit ina sayar da busasshen hubani, ɗan itacen nan mai zaƙi na lambunanmu, na ga dillalai iri-iri, na ga mai yi maka murmushi yatsansa na danne da sikeli, amma wallahi ban taɓa ganin 'yar damfara mai fara'a kamar ranar wannan wata ba. Ita ta shiga tsakanina da ke, kuma tana dariya ta yi.

Kin tuna bara, ranar yasar magudana? Kowane gida ya fito da namiji ɗaya da shebur, muka jeru tun daga bakin ƙanƙara har gonakin ƙasa, muna kwashe yashi da duwatsun da hunturu ya cusa a hanyar ruwa. Ku mata kuka hau mana da shayin gishiri da gurasa. Kika zuba mini, kika dubi tafin hannuna da ya yi bororo, kika ce, "Sannu mai sikeli, shebur ɗin ne ya cije ka?" Mata suka kwashe da dariya. Ke ba ki yi ba, sai kika ja mayafi kika rufe bakinki, idanunki kuwa suka tona miki asiri. Ya tauraruwata, a wannan lokacin aka buɗe ruwa, ya taho yana tura kumfa da busassun ganye, kowa ya juya yana kallonsa, ni kaɗai ina kallon wani wuri. Tun ranar nan ban sake shan shayi na ji gishirinsa ya yi daidai ba.

Da yayanki ya tafi aiki Karachi, mahaifinki Baba Rahmat kuma bayansa ya ƙi miƙewa, ni na zauna gabansa a tsakiyar hunturu na ce bana ni zan ɗauki shebur ɗin gidanku, ƙanena ya riƙe namu. Ke kin sani, duk ƙauye ya sani, saurayi ba ya ɗaukar shebur ɗin gidan da ba nasu ba sai in akwai abin da yake nema a ciki. Baba ya dube ni ya ce, "Bakinka na da zaƙi, ɗana, amma magudana kurma ce. Ka zo da hannu." Na yi dariya, na rantse, na sauko gari in ƙarasa sayar da kayana in dawo.

To, sai rana ta fito. Wayyo Mahjabin, irin fitowar da ta yi! Masu saye suka cika kasuwa kamar an buɗe musu keji. Tela ya ce rigar da na ba shi ɗinki, wadda nake so ki gan ni a ciki, saura wuya kawai. Ni ɗan dutse ne, a can aka yanke cibiyata, na san ana hawa ne tun gangare yana daskare, na san ɗumi shi ke kwance abin da sanyi ya ɗaure. Na sani kamar yadda na san sunana. Amma mutum in ya zauna cikin rana ciniki na tafiya, sai saninsa ya yi barci. Kullum in ce gobe, kullum gobe ta zo ta fi jiya kyau.

Sai gajimare ya taso daga yamma, baƙi, mai nauyi. Nan ƙasa ruwa ya yi ta zuba, can sama kuwa jiƙaƙƙiyar dusar ƙanƙara ta sauka a kan tsohuwa. Da ya gama, rana ta sake leƙowa kamar ba ita ba, ta yi ta lasar gangaren har ya saki. Dutse da laka da ƙanƙara suka zaftaro a mashigin nan mai ƙunci, suka binne hanya. Na shiga mota har inda mota ta tsaya. Masu hankali suna hayewa da ƙafa da sassafe, kafin rana ta taɓa saman gangaren. Ni na iso da azahar, washegari kuwa ranar yasa ce. Aka ce in jira, na ce ba zan jira ba. Na kai tsakiya, sabuwar riga a jikina, sai wani dutse da bai fi kan akuya ba ya zo da gudu ya gaisa da idon sawuna. A bayan mutane na dawo.

Yanzu ga ni a bayan shago, a kan buhuna, ƙafa a ɗaure. Kawu Ibadat mai shayi kullum sai ya leƙo ya ce, "Ango, yaya ƙafa? Da ka aika musu sikelin ya yi musu yasar." Ina dariya don kada a ga idona.

Hunar direba, wanda zai haye da wannan takarda gobe da safe, shi ya kawo mini labarin da ya fi dutsen zafi. Ya ce da aka jeru, wurin gidanku ya zauna wayam, Baba yana tsaye da shebur yana duban hanya, har Daulat maƙwabcinku ya zo ya karɓa daga hannunsa. Ya ce Daulat ya yi aikin mutum biyu, Baba ya dafa kafaɗarsa a gaban jama'a. Ya ce an ga mahaifiyar Daulat ta shiga gidanku da tsohon man shanun nan da ake binnewa a ƙasa, ba a tonowa sai da babban dalili irin neman aure, kuma ranar watsa irin farko Baba zai ba su amsa. Ban zagi Daulat ba, yaron kirki ne, ya ga wuri babu kowa ya tsaya. Amma wa ya zuba masa shayi? Kada ki gaya mini. A'a, gaya mini. A'a, bar shi.

Ya Mahjabin, ya kurciyar kan rufinmu, ya inuwar da nake fata in tsufa a ƙarƙashinta, wane irin wata ne wannan da ya bar kowa ya wuce sai ni? Furen hubani ya fara buɗewa a nan Gilgit, ya bi kwari yana hawa ƙauye bayan ƙauye, ya iso mashigin da ya karya ni ya tsallake ko tuntuɓe bai yi ba. Tsuntsaye sun wuce, iska ta wuce, har Hunar da tumbinsa yana wucewa. Ina kwance ina jin ruwa na ɗiga daga indararo, kowane ɗigo yana ce mini da ka tafi, da ka tafi. Furen ma bai tsira ba. Hunar ya ce ya isa lambun Baba da wuri saboda ɗumin nan, itatuwa suka yi fari fat, sai iskar arewa ta sauko musu da sanyi, aka wayi gari duk ya ƙone ya koma ruwan ƙasa.

Ba na roƙonki ki saɓa wa Baba, Allah ya kiyaye. Abu ɗaya nake nema. Ki shiga wurin Inna, ki ce ta ce masa ya riƙe amsarsa har a buɗe hanya. Ya ga ƙafata da idonsa, ya ji daga bakina, in ya so ya kore ni bayan nan. In kuwa ya yi haƙuri, na yi alkawari duk shekarar da Allah ya ba ni, tun hunturu bai kwance ba zan hau, in kwana a bakin magudana in ta kama, ni da shebur ɗin gidanku, ko da kasuwa za ta cika ta tumbatsa a bayana.

Ni ne naki, a ɗumi da sanyi, hanya a buɗe ko a binne, har ranar da tsohuwar ƙanƙarar kan dutsenmu za ta narke ƙarƙaf, kuma ko a ranar ba zan sauya ba.

Sifat Karim

Af, in kin ga ran Baba ya yi sanyi, ki tambayar mini shi a hankali: itatuwan nasa da rana ta ruɗa yadda ta ruɗe ni, sare su zai yi, ko zai jira su baɗi?