Muƙamuƙin Mijina da Kujerar Honarabul

Zuwa ga Honarabul, mai neman kujerar majalisa a mazaɓarmu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Sunana Rifkatu, tela ce a Samaru, matar Malam Ishaya, malamin firamaren da yaranka suka karya wa muƙamuƙi. Na je gidanka masu gadi suka koro ni, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Na farko, wasan kwaikwayon da mijina da abokansa suka nuna a wani ɗakin taro a Sabon Gari labarin wani ɗan siyasa ne da ya sayar da filin asibitin unguwa ya sayi ƙuri'u, da asiri ya tonu ya ɗora wa direbansa laifin. Mijina ya fito a ɗan siyasar, ni na ɗinka masa babbar rigar. Ya rubuta wasan tun kafin fastarka ta hau bango, kuma babu sunanka a ciki.

Na biyu, ana tsakiyar wasa, mutane na ta dariya, yaranka suka shigo da gorori suna yi maka kirari. Su suka fara ambatonka a ɗakin nan. A gaban 'yarmu suka kwantar da mijina suka yi ta duka, har rigar ta rine da jini.

Yau bakinsa a ɗaure yake da waya, sai kunu da bututun roba. Likita ya ce ko ya warke maganarsa ba za ta koma daidai ba. Malami ne, ranka ya daɗe. Da bakin nan yake ciyar da mu.

Na uku, ɗan aikenka ya zo da buhun shinkafa, wai mu ce haɗarin keke napep ne. Ba za mu faɗa ba. A aiko a ɗauke buhun.

Roƙona: ka miƙa yaran nan ga hukuma, ka san su, mu ma mun san iyayensu. Ka kuma hana su zarya a ƙofar shagona. Abokan mijina za su sake nuna wasan, tunda shi ba ya iya magana ni zan sa rigar. Idan za a sake turo gorori, a san mace za a tarar.

Allah ya tsare maka lafiyarka, kada ya nuna wa 'ya'yanka abin da 'yata ta gani.

Wassalam.

Rifkatu Ishaya, Samaru.