Jan Fenti a Jikin Gwaggo

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma Kawu ya yi ni a gaban ɗalibai. Na je garken asibitin dabbobi duba buhunan dusar da aka kawo, ina riƙe da littafin cututtukan shanu da na tsinta a kwandon shara, sai ya ɗaga murya: "Ku matsa, ku matsa, ga Farfesan Sito nan." Suka kwashe da dariya, har da mai gilashin nan da kullum take zuwa roƙon safar hannu a wurina. Ni kuma na tsaya ina washe baki kamar wawa.

Shi ya cire ni daga makaranta shekarar da Baba ya rasu. Ya ce karatu na masu uba ne, ya miƙo mini shebur in riƙa kwashe kashin shanu a bayansa. Duk abin da na iya, a bayan garken nan na koye shi, da takardun da ɗalibai suka yar. Yau ni nake rubuta odar duk abin da asibitin dabbobi na jami'a yake saya, tun daga allura har tsintsiya, shi kuwa yana nan da shebur ɗinsa. Amma har gobe ni ne abin dariya.

Laraba, 5 ga Maris

Gwaggo ta ƙara ramewa. Tsohuwar saniyar koyarwa, ɗalibai ne suka sa mata sunan. Ta riga rabin likitocin nan zuwa asibitin. A jikinta kowa ya koyi soka allura, a wuyanta ya koyi laluben jijiya, ita kuwa tana tsaye tana tuƙa kamar ba jikinta ba. Cikin dabbobin koyarwa akwai jaki mai ɗingishi, akwai tsohon karen da ake ɗibar jininsa, amma ita ce 'yar gaban goshin Kawu. Haƙoranta sun ƙare, sai ya jiƙa mata dusa da ruwan ɗumi yana yi mata hira.

Ruwan ɗumi! Ni da na kwanta zazzaɓi a gidansa, ƙafa ya sa ya tashe ni.

Alhamis, 6 ga Maris

Taron kasafi a ofishin Ma'aji. Ni nawa in zauna a gefe in rubuta. Ma'aji ya ce a matse ake, kowa ya rage buri. Malamin fiɗa ya ce shi dai dole a saya masa saniya, ɗaliban bana ba su taɓa ganin cikin dabba ba sai a hoto. Aka yi ta ja-in-ja.

Ni kuwa ina tuna gwangwanina. Duk ƙarshen shekarar kasafi akan zaga asibitin, abin da ya gama amfani, kujera ce, fanka ce, firji ne, in dangwala masa jan fenti, shi ke nan ya fita daga jerin kayan da jami'a ke amfani da su. Na karanta littafin ƙa'ida tun daga bango har bango, abin da ko Ma'aji bai yi ba. Dabbobin koyarwa a sashe ɗaya suke da kujeru.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Yallaɓai, me zai sa mu sayi saniya alhali muna ciyar da wadda ba ta tsinana komai?"

Babbar Likita ta ce, "Gwaggo fa kake nufi?" Na ce, "Kayan jami'a nake nufi, ranki ya daɗe." Ta sunkuyar da kai kan wayarta. Ma'aji ya cire gilashi ya dube ni, ya ce, "Kai, yaron nan akwai kai."

Ba a taɓa gaya mini haka ba. Ko sau ɗaya.

Asabar, 8 ga Maris

Ban gaya wa Inna ba. Barcina na sha lafiya lau.

Talata, 11 ga Maris

Ranar fenti. Na fara da kujerun ɗakin jira, na yi tsohon firjin allurai, na yi baron da ya karye. Garke na bari a ƙarshe, sai da na ga ɗalibai sun taru.

Kawu ya hango gwangwanin, ya yi dariya. "Farfesa, ka ɓata hanya, kujeru suna can." Na ce, "Ban ɓata ba, Kawu." Na buɗe ƙofar na shiga. Ya fahimta tun kafin in tsoma buroshi, na gani a fuskarsa. Ya ce, "Kai, ɗan nan." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Dangwalawa kawai ake yi, amma ni na ja mata layi tun daga kafaɗa har ciki, yadda ko daga bakin titi za a gani. Ta juyo ta lashi hannun rigata, wai ita a tunaninta gishiri na kawo. Shashasha.

Da zan tashi aiki na hango shi da bokiti da sabulu yana gogewa. Fentin mai ne, Kawu. Ni na sayo shi, mai kyau na zaɓa.

Alhamis, 13 ga Maris

Ya zo sito. Tunda na fara aiki a nan bai taɓa tako ƙofar ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hula yana murza ta. Ban ce ya zauna ba, kujerar ma na shafa mata fenti.

Ya ce a sayar masa da ita, a riƙa cira a albashinsa har ya biya. Zai kai ta bayan gida ta ƙarasa kwananta, ba zai ƙara neman ko ƙwayar dusa daga jami'a ba. Ya ce, "Ɗana, kai ka san hanyar takardun nan." Ɗana. Yau na zama ɗa.

Na jawo littafin ƙa'ida na buɗe. Na karanta masa a hankali, kalma kalma: ba a sayar da kayan jami'a sai ta gwanjo, kwamitin gwanjo kuwa ba zai zauna ba sai baɗi. Na rufe littafin na ce, "Ko in sake karantowa, Kawu? Ka san abin na masu uba ne."

Ya mayar da hularsa. Sai da ya gyara ta sau biyu.

Daɗi na ji. A nan dai ba wanda zan yi wa ƙarya, daɗi na ji.

Lahadi, 16 ga Maris

Labari ya kai wa Inna. "Ɗan'uwana ka yi wa haka? Cikinmu ɗaya fa." Na ce ni saniya na yi wa, sai dai in ita ma cikinku ɗaya. Ta ce matarsa ta ce ya daina cin abinci. Na ce to a jiƙa masa dusa da ruwan ɗumi.

Na zaci mari zan sha. Dubana kawai ta yi, ta ce, "Bakinsa ka ɗauko, ba na ubanka ba." Ta ɗauke kwanonta ta koma ɗaki.

Ƙarya ne. Ba abin da na ɗauko a wurinsa.

Litinin, 17 ga Maris

Odar yau: allurar da za a kwantar da ita, ruwan hana ruɓa, safar hannu, takunkumi. Na kira mai kawo dusa na ce a rage ta saniya daga wannan makon. Ya ce, "Af, Gwaggo ta yi ritaya?" Na ce ƙarin girma ta samu, za ta koma aji.

Ya yi dariya sosai. Ashe dama haka abin yake in kai ne mai ba da dariyar.

Laraba, 19 ga Maris

An yi.

Da safe ɗalibai suka je jawo ta, ta ƙi. Wannan saniyar da ake soke ta kullum ba ta motsi, yau ta kafe a bakin gangaren ɗakin fiɗa, warin maganin ta ji. Suka ja, suka tura, wani ya murɗe mata wutsiya. Malamin fiɗa ya duba agogo ya ce a kira mai garke.

Ni ina bakin ƙofa da kwalin safar hannu, ina jira a sa mini hannu. Aiki ne ya tsayar da ni.

Kawu ya zo. Ya cire igiyar daga wuyanta, ya ɗora tafinsa a kan dantsenta, daidai kan layin nan nawa, ya ce, "Zo mu je, tsohuwa, ba komai, allura ce irin ta kullum." Ta bi shi. Haka kawai ta bi shi, tana jan ƙafa.

Bai fito ba sai da aka gama. Ya zo gabana ya miƙo mini igiyar, ya naɗe ta tsaf. "Kayan jami'a ne. Ka mayar sito, kar a ce na sata."

Tana cikin aljihun teburina. Ban san a wane sashe zan sa ta ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Ma'aji ya yabe ni a gaban kowa. Wai in ci gaba da haka, akwai kujera a gaba.

Alhamis, 27 ga Maris

Na kai kaya ɗakin fiɗa. Sun tsayar da ita da ƙarafa kamar mai rai. Gefe ɗaya an feɗe, ɗalibai na leƙa haƙarƙari suna rubutu. Ɗaya gefen ba a taɓa ba tukuna, layina yana nan ja wur. Ashe hannuna ya karkace wajen ciki, lokacin da ta juyo ne.

Mai gilashi ta daina zuwa karɓar safar hannu, ƙawarta take turowa. Ta ji da shi.

Kawu yana nan yana share turken Gwaggo kowace safiya, ya wanke rabin duron da take cin dusa, ya kife shi. Jaki da kare yana ba su abinci, amma ba ya yi musu hira. Mun haɗu a lungun sito, ya raɓe jikin bango ya ba ni hanya, ya ce, "Ina kwana, Malam." Ba Farfesa, ba dariya. Abin da nake nema ke nan tun ina riƙe da shebur.

To ga shi na samu.

Litinin, 31 ga Maris

Ma'aji ya kira ni. Dabarar ta yi masa daɗi, yana so a ƙarasa kafin a rufe shekara: jakin nan mai ɗingishi, da tsohon karen jini. Malamin fiɗa zai karɓe su hannu biyu. Ya ce in ɗauko gwangwanina mu leƙa garke yanzu.

Na ce fentin ya bushe, yallaɓai. Ya ce a sayo wani. Na ce an rufe odar bana tun Juma'a, ƙa'ida ce, in yana so in karanto masa. Ya yi tsaki ya ce a bari sai baɗi.

Ba tausayi ba ne. Warin fentin ne yake sa ni ciwon kai kwanan nan, shi ke nan.

Fentin da ke gwangwanin ko rabi bai ƙare ba. Na cire murfin na tura shi bayan kwalaye. Nan da 'yan kwanaki maganata za ta zama gaskiya.