Shawul ɗin Yana da Mai Shi

Gozaki,
ranar Talata.

Zuwa ga Yayata Ladidi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Sada da yara gaba ɗaya. Yaya Shagamu, yaya ruwan samanku da ba ya gajiya? Allah ya raya mana su Amatullah, ya yaye miki ciwon bayan nan da kika ce yana tashi in kin daɗe a bakin murhu. Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. Damina ta yi albarka, an fara karyar masara, tsakar gida ta cika da buhuna har kaji sun rasa hanyar wucewa. Baba ya warke daga zazzaɓin da ya kwantar da shi, an ce har ya koma cin kasuwar Bakori. Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Kin san gidan nan, in na yi tari a ɗaki ana yi mini sannu daga madafa. Shi ya sa na rubuta na ba Rabe direba, tunda zai sauke kaya a wajenku.

Yaya, kin san halin da nake ciki, amma yau zan kira shi da sunansa ko da za ki riƙe baki: ina da ciki, kuma ya tsufa. Lokacin da laulayi ya sa ni gaba, ko littattafaina na kasa karantawa, in na buɗe sai rubutun ya riƙa iyo a idona. Ni da nake manta tuwo a wuta saboda wata baiwar Allah tana kuka a shafi! Zaman banza ya ishe ni, sai na lalubo kwarashin nan da kika sa mini a kayan aure, na fara da 'yar hula, sai safa. Wata rana Malam maigidana ya dawo daga gona da reshen auduga a hannu yana korar ƙuda da shi, na karɓa na sa a kofi da ruwa. Ashe furen auduga launi yake sakewa? Da safe fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, kafin gobe ya koma ruwan hoda kamar wanda aka faɗa wa magana ya ji kunya. Na yage kwalin taliya na zauna ina zana shi da fensir, in zana in goge, har ya fito yadda nake so. Daga nan na ja layuka a kan zanen, na mai da shi gida-gida yadda kwarashi zai bi, na fara shawul. Farin ulu ne, furannin suna zagaye bakinsa, wasu ruwan ɗorawa wasu ruwan hoda. Na warware shi ya fi a ƙirga. Duk furen da na gama sai in shimfiɗa shi a cinyata in ce wa na cikin ya duba. Ki yi dariya in kin so, yana motsi.

To ga abin da ya faru. Bushra ƙanwar Malam ta haihu a Danja, mata suka taru a ɗakin Hajiya surukata ana haɗa kayan barka. A ranar na wanke shawul ɗin na shanya a igiya. Ina cikin wanke-wanke sai na ga Hajiya ta cire shi, ta ɗaga shi sama tana yabawa, ta shiga da shi cikin mata tana cewa su zo su ga abin da amaryarsu ta saƙa wa ɗan Bushra. Aka yi ta sa mini albarka, ana shafa furannin, ana cewa ko na kanti bai kai shi ba. Ta ninke shi ta ɗora a saman kwalla tare da sabulai da turamen atamfa. Babu wadda ta tambaye ni, don a wurinsu babu abin tambaya. Mai cikin fari ba ta tanadin kayan jariri, ba ta ma san da wani jariri ba. In an ga tana saƙa, to na ɗan wata ne.

Hannuna da kumfa na shiga ɗakin. Na durƙusa har ƙasa, na ce wa Hajiya ta yi mini afuwa, shawul ɗin yana da mai shi, zan saƙa wa ɗan Bushra wani in sha Allahu. Wata gwaggon Malam mai yawan barkwanci ta tambaye ni wane ne wannan mai shi da ya fi ɗan gida. Yaya, ina iya cewa na wata ƙawata ce, kowa ya huta. Maganar ma har ta zo bakina. Sai kawai na ji na ɗora hannu a cikina na ce na ɗana ne. Gwaggon ta yi salati tana tafa hannu, ta ce ita har ta aurar da ɗanta na fari ba ta taɓa yarda ta haɗa ido da shi a gaban mutane ba, ga 'yar jiya tana yi wa nata ado tun bai faɗo ba. Wata ta ce littattafan nan ne suka cinye mini kunya, a ƙone su a huta. Hajiya ta juya wurin shawul ɗin. Ta ɗauko shi daga kwallar ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Sai daga baya na gane ta san na wane ne tun farko, tana ganina ina saƙawa a inuwar darbejiya kullum. So ta yi ta rufa mini asiri, ni kuma na yaye. Wannan ya dame ni, don mace ce mai kirki, na je na ba ta haƙuri a kan kunyar da na ba ta. Amma ban ba da haƙuri a kan shawul ba, kuma ba zan bayar ba.

Shi kuwa Malam, da a littafi ne da ya miƙe tsaye ya yi jawabi shafi biyu yana kare matarsa. Nawa sosa ƙeya ya yi, ya ce in cusa shi ƙasan akwati har bayan suna, sannan a ce wata ce ta kawo barka. Na ce masa ban saƙa shi don a ce wata ce ba. Ya dube ni, ya dubi shawul ɗin, ya ce bari ya je ya ga masu ɗaukar masara. Amma da ya je Funtuwa ya dawo mini da ulu ruwan hoda a aljihun babbar riga, ya ajiye mini kusa da kwarashina.

Magana ta riga ni isa Bakori. Ranar Juma'a ake shirin kai ni gida goyon ciki, sai ga saƙon Inna ta bakin Gwaggo Hajo. Ta ce na zubar mata da mutunci a gidan surukai, ana cewa ba ta koya mini alkunya ba. Ta ce in zan zo in zo, amma in bar wannan tsumman a Gozaki ko in ba da shi. In kuwa na fi son sa, to in zauna in haihu a inda nake, ita ba za ta dafa ruwan wankan wadda ba ta jin nauyin kowa ba. Na yi kuka, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Ina tsoron haihuwar nan. Ina son hannun Inna a bayana, ina son kunun kanwarta, ina son in ji tana yi mini faɗa in ruwan ya yi mini zafi. Ban san yadda ake yin wannan abu babu uwa a kusa ba.

Amma ki bari in faɗa miki dalilin da ya sa ke na rubuta wa, ba wani ba. Ke ce 'yar farin Inna. Tun ina ƙarama ban taɓa jin ta kira sunanki ba, sai dai ta ce a kira waccan, ko a miƙa wa yarinyar nan. Mu takan zaunar da mu tsakanin ƙafafunta ta yi mana kitso, ke sai a tura ki maƙwabta. Ranar da za a kai ki ɗakin miji kin tsaya a bakin ƙofarta kina jira, ta juya baya tana tankaɗe garin da an riga an tankaɗe. Kowa ya ce Inna ta iya kara. Na san tana son ki, wataƙila ma fiye da mu, don in kin yi waya takan bar abin da take yi ta tsaya kusa tana saurare kamar ba ta ji. Amma ni na ga fuskarki a bakin ƙofar nan, kuma ba na so ɗana ya girma yana lalube ko uwarsa na son sa. Ba na zagin al'adar iyayenmu, su haka suka taras. Ni dai ba zan iya ba. Zan kira shi da sunansa, zan goya shi a gaban kowa, ranar suna kuma a cikin abin da na saƙa da hannuna za a fito da shi.

Don haka ranar Juma'a zan tafi Bakori, kuma ba a akwati zan sa shi ba, a hannu zan riƙe shi in yi sallama. In Inna ta karɓe ni, alhamdulillahi. In ta mai da ni daga zaure, zan durƙusa in gaishe ta in hau motar da ta kawo ni, Allah yana Gozaki kamar yadda yake Bakori. Na san za ta sa a kira ki a ce ki ja mini kunne, don ta san maganarki nake ji. Ba na roƙon ki yi faɗa da ita saboda ni. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki ce mini in ɓoye shi. Daga bakin kowa zan iya jurewa, ban da naki.

Ki gaishe mini da Alhaji Sada, ki ce ina yi masa fatan kasuwa mai albarka. Ki shafa mini kan Amatullah da Mus'ab da ɗan auta Shitu. Malam yana gaishe ku, Hajiya ma ta ce a gaida mutanen Kurmi. Ki sa ni a addu'a, Allah ya sauke ni lafiya a duk ɗakin da ya rubuta mini.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Raudatu.