Makon da Nayeli Ta Zama Baƙuwa

Fresno, 3 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Amparo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ciwon gwiwa? Baba da sauƙi, sai dai mantuwa. Jiya sau uku yana tambayata ko an ɗaure akuya, alhali rabonsa da akuya tun barinmu gida Michoacán.

Yaya, 'yarki Nayeli akwai abin da take ƙullawa. Tun ranar Litinin ta canza mini. Ta shigo kicin ta tsaya kamar ba a gidan aka yaye ta ba, wai, “Ranki ya daɗe, ko zan iya buɗe firji?” Na ce firjin da kike yashewa tun kina rarrafe? Na zuba mata wake da tortila, wainar masararmu, ta ce ta gode da karamci. Karamci fa! Na taɓa goshinta, babu zazzaɓi. Na ce ke, ciki ne, ko ƙwaya kika fara sha? Ta yi mini murmushi irin na 'yan matan banki ta shige ɗaki. Kuma duk sanda na yi magana, sai ta ɓuya ta yi rubutu a wani ɗan littafi ja.

Kin san watan nan take gama kwalejin shekara biyu, inda take karatun zamantakewar mutane, daga nan sai jami'a. Biyu sun ɗauke ta, ta nan cikin gari da wata can arewa, tafiyar awa bakwai. Ta ƙi faɗa mini wadda ta zaɓa. Ita ce kuma ke zama da Baba da safe in na tafi aiki a gonar inabi. Ruwa ba ya tsami banza, Yaya, hankalina bai kwanta ba.

Ki gai da kowa.
Ƙanwarki, Graciela

Fresno, 8 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan wasiƙata ta same ki lafiya. Na gano bakin zaren.

Ta shiga wanka na buɗe jakarta. Littafin da Turanci yake, kin san kuma Turancina na sayen tumatir ne, amma ai na iya karanta suna da lokaci. Ga sunana, ga na Baba, kowanne da rana da minti. Har safiyar da ya fita titi da takalmi ɗaya tana ciki. Na nuna wa maƙwabciyata Consuelo ta katanga, ta dafa ƙirji ta ce, “Graciela, haka matar ɗana ta yi wa mijina. Rubutawa suke yi su kai wa hukuma, sai ki ga mota ta zo an kai tsoho gidan tsofaffi.” Sai komai ya faɗo mini. Nayeli so take ta kawar da kakanta, ta kama hanyar arewa ba nauyin kowa a kanta. Ladabin nan duk bankwana ne.

Mutumin da ya ɗauke ta a kafaɗa yana kai ta coci! Na cusa littafin a murhun gashin nama na bayan gida, na tsaya sai da ya zama toka. Ban yi nadama ba. Muddin ina numfashi, ubanmu ba zai mutu a hannun baƙi ba.

Taki, Graciela

Fresno, 19 ga Mayu

Yayata,

Ina gaishe ki. Kada ki tambayi lafiyata.

Ashe aikin makaranta ne. Malamarsu ce ta ce kowa ya yi mako guda a gidansu kamar ɗan haya, ya rubuta yadda mutanen gida za su yi, wai don a ga dokokin zama da ba wanda ya taɓa faɗa da baki. Sharaɗin kada a gaya wa kowa. A kansa za a ba ta sakamakon ƙarshe, wanda jami'a ke jira. Ta birkice gidan tana nema, tana kuka, har ta ɗauka Baba ne ya jefa shi a shara. Da na ga za ta tuhumi tsoho, na ce ni ce.

Na ce ɗauko takarda, ai ban manta abin da na faɗa ba. Muka zauna a teburin kicin ranar Lahadi, ina maimaita mata zagin da na yi mata ɗaya bayan ɗaya, tana rubutawa. Da muka zo kan ƙwaya har dariya muka yi. Sai ta ce, “To Mama, ƙonawar fa, me ya kawo ta?” Da na sani, da na ce fushi ne kawai. Amma bakina ya riga ya saba da faɗin gaskiya, na faɗa mata maganar Consuelo duka.

Ta ajiye biro. Ta kalle ni ta ce, “Ni? Ni da nake yanke masa farce?”

Aikin ta miƙa shi, ta kuma ci. Jiya ina shara na ga takardar jami'ar cikin gari a kwando, a yage. Ta cike ta tsaf, ta sa hannu tun ashirin ga Afrilu, aikawa kawai ya rage. Na same ta tana taje wa Baba kai, na nuna mata. Ba ta ɗago ba. Ta ce yanzu ta arewa ta zaɓa, watan Agusta za ta tafi.

Yaya, ki yi magana da maigida, ko zai bar ki ki zo ki riƙe Baba, ko na wata uku ne. Ni ba ni da bakin da zan ce ta zauna.

Ƙanwarki, Graciela