Na Shafe Rubutun Yayana da Fentin Danfo

Anti Mastura, don Allah ki taimake ni da shawara kafin watan Satumba ya kama. Na rasa wanda zan gaya wa wannan magana, ko faston cocinmu ban iya ba.

Ni mutumin Jos ne, ina gadi a wata ma'ajiyar kaya a nan Agege, ranar Lahadi kuma ina kaɗa jita a coci. Jitar ta yayana Haggai ce. Tsohuwar jitar lantarki ce ƙirar Japan, irin masu arha ɗin nan na da, har sunan kamfanin ya goge. Shi ma kwance ya saye ta. Shekarar da sojoji suka miƙa mulki na taho Legas, ya ba ni aronta, ya ce ko ba komai za ta sama mini mutane. Ta kuwa sama mini.

A bayanta akwai rubutu. Duk ƙauyen da Haggai ya je wa'azi da waƙa sai ya karce sunansa da ƙusa. Sun fi talatin. Can ƙasa ya rubuta sunan matarsa Chundung da ranar aurensu.

To shugaban makaɗanmu, Elvis, ya sayo sabuwa fil daga kasuwar Alaba, ja, sai ƙyalli take. Tawa ya sa mata suna itacen girki. Kullum sai an yi dariya, ni ma in yi, amma raina yana ɓaci. Gaskiya tasa ta fi kyan gani, sai dai damina ɗaya wuyanta ya lanƙwashe, tawa kuwa ko gezau. Ban yi wannan tunanin ba a lokacin. Na ɗauke ta na kai wa Almu mai fentin motoci, na ce ya mayar mini da ita sabuwa. Ya nuna mini rubutun, ya tambaye ni har sau biyu. Na ce ya goge. Ya bi ta da samfefa, ya fesa mata ragowar fentin danfo, motocin hayar nan na Legas, rawaya shar. Wuyan kawai ya bari, ya naɗe shi da jarida. Tun daga ranar muryarta ta dusashe kamar mai mura, dariyar kuma ta ƙaru.

Bayan wata biyu aka yi rikicin Jos. Haggai bai tsira ba, gidansu ma ya ƙone ƙurmus, ko hotonsa ɗaya ba a fitar ba.

Yanzu Chundung ta aiko mini da wasiƙa. Za a yi addu'ar cika shekara a watan Satumba, tana so in taho da jitar. Ta ce rubutun hannunsa babu inda ya rage a duniya sai a bayanta, so take ta shafa sunanta da ya rubuta.

Anti, ba na iya cin abinci. Na zaga Alaba na ga wata tokunbo, wato gwanjon ƙasar waje, mai kama da ita sosai. Ina tunanin in saya, in karce sunayen da kaina, don na haddace yawancinsu. Ko kuma in ce an sace a tashar Ojota. In ma ta gasken zan kai, akwai ramuka a katakon wuyan da suke kama mini yatsa, wani ya ce zai canja mini wuyan gaba ɗaya. Wanne zan yi? Na tsani kaina.

Mai Gadi, Agege

Ɗana Mai Gadi, ina yi maka ta'aziyya, Allah ya ba ku haƙuri.

Ka yi wauta, ba zan ɓoye maka ba. Mai fenti ya tambaye ka sau biyu, kai ka ce a goge. Amma lokacin yayanka yana da rai, laifinka a ranar laifin ƙanen da ya ɓata kayan aro ne, wanda ake yi wa faɗa a wuce. Mutuwarsa ce ta ƙara wa abin nauyi, ita kuwa ba kai ka jawo ta ba. Ka ci abinci.

Na fahimci abin da ya sa kake son sayen waccan. Tausayin Chundung kake ji, da tsoron idonta. Sai dai matar da ta zauna da mutum ta san rubutunsa. In ta gane, ta rasa rubutun ta kuma rasa yarda da kai. In ba ta gane ba, za ta yi ta kuka a kan katakon wani baƙo, kai kana kallo. Maganar sata ma ka bar ta.

Ni ban san kan jita ba, don haka na je Sabo Yaba wurin wani dattijo mai gyaransu. Ya ce irin waɗannan tsofaffin ba su da wata daraja a kasuwa, amma da yawansu sun fi sababbin arha ƙarko. Ya ce mai yiwuwa fenti ne ya shiga wayoyinta da maɓallanta, in an wanke muryar za ta iya dawowa. Rubutun dai ya tafi, kada kowa ya ruɗe ka.

Da na ambaci ramukan wuyan sai ya ce kada a kuskura a taɓa. Yatsu ne suke cin katako haka, shekara da shekaru, a wuraren da mai jitar ya fi dannawa. Kai shekara uku kawai ka yi da ita. Ramukan na Haggai ne.

Ka rubuta wa Chundung gaskiya a makon nan, kada ta fara sani a gaban jama'a. Za ta ji zafi, wataƙila ta daɗe ba ta yi maka magana ba, ka jure. Ka kai jitar da rawayarta. In ta yarda ta karɓa, ka nuna mata inda za ta ɗora yatsunta.

Allah ya kai ka lafiya, ya sanyaya zuciyarku.

Anti Mastura